Koyar da Furucin Turanci ta Waya a Parakou da Djougou

Yaron da ya yi boko a Parakou ko Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin, yakan shiga darasin Turanci gadan-gadan ne a ajin farko na sakandare, bayan ya kwashe shekara shida yana karatu da rubutu da Faransanci. Kafin ya ga kalmar Turanci a kan allo, idonsa ya riga ya haddace sautin kowane harafi, kuma da dokar Faransanci ya haddace. Shi ya sa za ka tarar da wanda ya ci jarrabawar BEPC, har ma da BAC, yana rubuta wasiƙar Turanci mai tsafta, amma da ya ɗaga waya ya kira abokin cinikinsa na Ilori ko Kano, sai maganar ta ƙare a "me ka ce?". Nahawunsa lafiya lau yake. Furuci ne ya tsaya masa a gaba.

Bukatar kuwa a fili take. Parakou ce babban birnin jihar Borgou, nan layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya bayan kilomita 438, nan kuma babbar kasuwar Arzeke take, da jami'ar da aka buɗe a 2001. Daga nan hanya ta bi ta Nikki ta faɗa Chikanda a jihar Kwara ta Nijeriya. Djougou, wadda fataken da ke kira Zugu, tana kimanin kilomita 135 arewa maso yamma, kuma zango ce tun zamanin da ayarin goro ke tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. A ƙidayar 2013 kowanne daga cikin garuruwan biyu, haɗe da kewayensa, ya haura mutum dubu 250. Kakannin 'yan kasuwar nan da Hausa da Dendi suka yi cinikinsu har Gwanja. Jikokinsu kuwa suna fama da takardun kwastan na Nijeriya, da masu sayen kashu 'yan Indiya, da dillalan Gana, da neman gurbin karatu a ƙasashen da Turanci ne harshen jami'a. Hatta Togo, wadda iyakarta ba ta da nisa da Djougou, ta shiga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta Commonwealth a 2022.

To, mai son gyara furucinsa yanzu wayarsa yake fara dubawa. Abin da zai ci karo da shi a YouTube da manhajoji, da yawa an shirya shi ne domin wasu mutane daban. Masu Sifaniyanci a matsayin harshen uwa sun haura miliyan 450, sama da miliyan 40 kuma a Amurka suke, don haka darussan da aka tsara dominsu sun yi yawa ƙwarai. Darussan na da kyau, amma ciwon da suke magani nasu ne. Mai Sifaniyanci ba ya bambanta b da v, domin a harshensa sauti ɗaya ne. Ba ya fara kalma da s da wani baƙi a bayanta sai ya sa wasali a gaba, yadda yake cewa escuela da España, sai school ta koma eschool a bakinsa. Ba shi da sautin z irin na zuma. Ɗan Parakou da ya yi Faransanci bai da ko ɗaya daga cikin ukun nan: yana faɗin sport da stade ba gargada, yana da z a zéro, kuma bain da pain da faim da vin kalmomi huɗu ne daban a kunnensa. In ya zauna yana bin waɗancan darussa, ya ƙone data a kan abin da ya riga ya iya.

Saboda haka aikin farko na malami tambaya ce. Wane harshe kake yi a gida? Wanne kake yi a kasuwa? Da wanne ka koyi karatu? A waɗannan garuruwa amsar takan kai harshe uku ko huɗu: Bariba ko Yom ko Lokpa ko Fulatanci a gida, Dendi da Hausa a kasuwa, Faransanci a makaranta, ga Larabcin makarantar allo ga masu yawa. Kowane harshe ya bar wa mutum wasu sautuka a baki. Turancin kudancin Ingila, wanda ƙamusoshi da yawa ke bi, ana ƙirga masa sauti 44, baƙaƙe 24 da wasula 20, ana rubuta su da haruffa 26 kacal. In aka tattara abin da ɗalibin Djougou mai Hausa da Faransanci ya riga ya mallaka, baƙaƙen da suka rage masa ba su taka kara sun karya ba. Matsalarsa ita ce, da ya ga rubutun boko sai ya rufe ƙofar Hausa ya buɗe ta Faransanci kaɗai.

Ɗauki harafin h. Faransanci yana rubuta shi amma ba ya furta shi, don haka ɗalibi zai karanta heat kamar eat, hold kamar old, hair kamar air. Wannan ɗalibin kuwa tun safe yake cewa hannu, hula, hanya. Malami ba ya bukatar zanen maƙogwaro. Ya ce masa: faɗi hula, yanzu faɗi who. Faɗi hanya, yanzu faɗi hand. Abin da ya saura shi ne a nuna masa 'yan kalmomin da Turanci ma ba ya furta h ɗinsu, irin su hour da honest, a kuma tare shi idan zumuɗi ya sa ya fara liƙa h a gaban kowane wasali. Haka ch take. A Faransanci sautinta sh ne, shi ya sa cheap ke fita kamar sheep, watch kamar wash. Sautin da ake nema shi ne c ɗin ciniki da cokali. Na job da June kuma shi ne j ɗin jaki a Hausar Kano. A nan dai a yi hattara, domin a wasu kare-karen Hausar yamma j ta fi kusa da ta Faransanci, kuma wanda Yarbanci ne harshensa ba shi da c sam, sai an gina masa ita daga t da sh.

Cinikin ba ta gefe ɗaya yake tafiya ba. Ɗalibin Kano yana shan wuya da p da f da v, har primary ta zama firamare a Hausa. Ɗan Parakou Faransanci ya raba masa su tun yana ƙarami. Sautin tsakiyar measure da television, wanda ke ba Bakano wahala, shi ne na farkon jour a Faransanci. Malamin da ya taso daga Nijeriya da tsohon littafinsa na gyaran p da f zai iya ɓata mako guda a kan abin da ɗalibinsa ya fi shi iyawa.

Wasula su ne babban aiki, kuma a nan ne Hausa ta fi yin rana. Faransanci yana da wasula da yawa, amma ba ya bambanta ma'ana da tsawon wasali. Sifaniyanci ma haka, da wasulansa biyar. Shi ya sa live da leave, fill da feel, ship da sheep duk suke zama abu ɗaya. Akwai ma kalmomin kirki da ke komawa ashar idan aka gajarce wasalinsu, kuma ɗalibai kan ji tsoronsu da gaskiyarsu. Bahaushe kuwa ya san gashin kai daban, gashin nama daban, ko da yake rubutunsu ɗaya ne: na farko wasalinsa dogo, na biyu gajere. Kunnensa ya saba auna tsawo. Da wannan malami zai fara. Sai dai kada ya tsaya nan, domin bambancin na Turanci bai ƙare a tsawo ba. A leave leɓɓa suna bajewa, harshe yana matsowa sama da gaba. A live baki yana sakewa, harshe yana ɗan sauka. Tsawon ma kansa yana canzawa da baƙin da ya biyo baya: wasalin seed ya fi na seat tsawo. Amma ɗalibin da ya kama tsawo ya riga ya ci rabin hanya, kuma za a fahimce shi.

Yadda ake aikin yana da tsari, kuma kunne ake fara gyarawa. Wanda bai ji bambancin sauti biyu ba, ba zai furta su daban ba, sai dai ya dace. Malami ya naɗi kalmomi goma a saƙon murya na WhatsApp, yana cakuɗa live da leave ba bisa jeri ba, ɗalibi ya rubuto 1 ko 2 ga kowace. In ya ci takwas ko tara, a wuce gaba. In ya ci biyar, caca yake yi, a sake. Yana da kyau muryar ta riƙa canzawa, yau ta malam, gobe ta mace, jibi ta yaro. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1991, kan Japanawa masu rikita r da l, ya nuna cewa horo da muryoyin mutane daban-daban yana sa kunne ya gane sautin har a bakin wanda bai taɓa ji ba. Bayan kunne ya buɗe sai a juya aikin: ɗalibi ya naɗi nasa goman, malam ya rubuta abin da ya ji ba tare da ya san abin da aka yi nufi ba. Wannan ya fi "madalla, ka yi ƙoƙari" amfani nesa ba kusa ba, domin ɗalibi yana ganin inda aka ji shi daidai da inda aka ji wani abu.

Ita wayar tana da nata hali. Kiran waya na gargajiya yana ɗaukar sautin da ke tsakanin hez 300 zuwa 3,400 ne kawai, alhali ƙarfin sautin s yana sama da nan. Shi ya sa s da f ke kama da juna a layi, ko a bakin Bature. Kada a yi darasin baƙaƙe ta irin wannan kira. Saƙon murya ya fi tsabta, ba ya yankewa idan sabis ya yi rauni, ana iya sauraronsa sau goma, kuma datarsa kaɗan ce. Bidiyo sai inda ido ke da aiki: haƙora a kan leɓe wajen v, ko harshe tsakanin haƙora wajen th, kuma daƙiƙa ashirin sun isa. Ɗalibi ya nemi ɗaki, ya matso da wayar kusa da baki amma a ɗan karkace, don ƙarar 'yan zemijan, wato 'yan acaba, a titin Parakou tana iya cinye ƙarshen kowace kalma. Lokaci bai zama matsala tsakanin Benin da Nijeriya da Nijar ba, agogonsu ɗaya ne. Malamin da ke Gana ko Togo ne zai tuna cewa yana baya da awa guda.

A ganina saƙo ɗaya, gyara ɗaya. Malamin da ya mayar da amsa da kurakurai bakwai a jere ya nuna iliminsa ne kawai. Akwai kuma batun kunya. Alhajin da ya shekara talatin a kasuwa ba zai so a gyara masa baki a zauren WhatsApp da yaran shagonsa ke ciki ba. Atisaye a zaure, gyara a keɓe.

Daga wasula sai ƙarshen kalma, inda harsunan biyu suka haɗa kai suka cuci ɗalibi. Faransanci ya koya masa cewa baƙin ƙarshe ado ne: ana rubuta petit da francs, ba a furta ƙarshensu. Hausa kuma yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa, ba ta son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa bread ta zama burodi, steering ta zama sitiyari. Sai ɗalibi ya yi ɗayan biyu, ko ya haɗiye ƙarshen ko ya ƙara masa wasali. A Turanci kuwa nahawu a wutsiya yake zaune. S ɗin bags ce ke nuna jam'i, d ɗin paid ce ke nuna an riga an biya. Tsakanin I pay da I paid akwai rigimar kuɗi. Dabarar da ta fi aiki ita ce a jingina baƙin ƙarshe da wasalin kalmar gaba, a ce paid it kamar kalma ɗaya, bags of rice kamar z ɗin ta koma farkon of. Da baki ya saba, sai a cire jinginar. Daga baya a nuna cewa ed tana da furuci uku: t a packed, d a paid, cikakkiyar gaɓa a wanted da loaded. Ɗalibai da yawa suna ba kowace ed gaɓa, domin haka ido ya gani.

Abin da ya fi duk waɗannan hana fahimta, a nawa lissafin, shi ne inda murya ke dannawa. Faransanci yana ɗora nauyi a gaɓar ƙarshe ta rukunin kalmomi, kullum a nan. Turanci kowace kalma da gaɓar da take dannawa, sauran gaɓoɓin kuma a raunana su. Tarkon yana cikin kalmomin da harsunan biyu suka yi tarayya, kuma suna da yawa, domin bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066 dubban kalmomin Faransanci sun kwarara cikin Turanci. Ɗalibi ya ga important, information, cotton, sai ya yi murna ya san su, ya furta su da kiɗan Faransanci. A Turanci cotton da market da customer gaɓar farko ake dannawa, important ta biyu, information ta uku. Akwai 'yan dokoki masu taimako, kamar cewa kalma mai ƙarewa da tion gaɓar da ke gabanta ce ke ɗaukar nauyi. Sauran sai haddacewa, kalma da nauyinta tare.

Nan ma kunnen Bahaushe a shirye yake, domin da hawa da saukar murya yake raba kukan yaro da itacen kuka. Kamar yadda kalangu ke bin karin magana ba tare da baƙi ko wasali ba, haka malami zai fara aiko kalmar da gunji kawai, baki a rufe, ɗalibi ya maimaita, sannan a sa mata haruffa. Sai dai a gaya masa cewa gaɓar Turanci mai nauyi tana haɗa abu uku: ta fi tsawo, ta fi ƙarfi, kuma murya takan motsa a kanta. Maƙwabtanta kuwa wasalinsu yakan koma wani ɗan sauti marar launi, wanda masana ke kira shuwa, kuma shi ne wasalin da ya fi kowanne yawa a maganar Turanci. A banana, a ɗin tsakiya ce kaɗai cikakkiya. Wannan raunanawar tana yi wa mai Faransanci da mai Hausa da mai Sifaniyanci wuya baki ɗaya, don dukkansu sun saba ba kowane wasali haƙƙinsa.

Wane Turanci ake nufa? Tambayar tana da muhimmanci, domin ita ke yanke abin da za a bari. A shekarar 2000 Jennifer Jenkins, masaniyar harshe 'yar Birtaniya, ta fitar da littafi kan furucin Turanci tsakanin mutanen da ba harshen uwarsu ba ne. Ta gano cewa yawancin baƙaƙe, da tsawon wasali, da cunkoson baƙaƙe a farkon kalma, da kalmar da aka danna a jimla, su ne ke kawo rashin fahimta idan suka lalace. Sautukan th biyu kuwa ba su cika hana komai ba. Ɗan Legas yakan ce t da d a wurinsu, ɗan Kano s da z, a Ayalan ana jin t da d, a wasu unguwannin Landan f da v. Ɗan Djougou da zai yi ciniki da mutumin Kumasi ko Mumbai bai kamata ya ƙare wata guda yana cizon harshe ba. A nuna masa yadda ake yi, a wuce. Haka r: ta Hausa mai kaɗawa ta wadatar, kowa zai gane ta. Mai shirin jarrabawar IELTS ko TOEFL ma, abin da ake auna masa shi ne a fahimce shi ba wahala.

Rubutu yana zuwa ne a ƙarshe, bayan sauti ya zauna. Dalilin da ya sa haruffan wasalin Turanci suka saɓa wa na Faransanci da Sifaniyanci da Hausa tarihi ne: tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci sun sauya furuci, alhali rubutu ya fara daskarewa bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476. Malaman Faransa sun daɗe da sanin wannan ciwo. Paul Passy, malamin Turanci a Faransa, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar masana furuci a Paris a 1886, wadda ta samar da alamomin sauti da ake gani a ƙamus. Ba lallai ɗan kasuwa ya haddace su duka ba. Alamar shuwa, da ɗigo biyun da ke nuna dogon wasali, da ɗan layin da ke nuna gaɓa mai nauyi sun ishe shi buɗe ƙamus. Wanda ya iya karanta Hausar boko yana iya rubuta furucin da ita a gefen littafinsa, tunda ita, ban da tsawon wasali da karin murya, yadda aka rubuta haka ake faɗa, muddin bai cusa wasali a inda babu ba.

Darasi biyu ne nake ganin bai kamata a jinkirta su ba, ko da an saɓa wa duk jerin nan. Na farko lambobi. Thirteen da thirty, fifteen da fifty: na farkon ana jan ƙarshensu kuma n ta fito, na biyun ana danna farkonsu a datse ƙarshe. Mutumin da ke lissafin sefa da dala, yana juyawa zuwa naira, ba ya bukatar ƙarin ruɗani, don haka a koya masa tabbatarwa da lamba ɗaya-ɗaya, one five ko five zero. Na biyu sunayen haruffa, domin a waya kullum ana bukatar a faɗi suna ko lambar mota harafi-harafi. Harafin da Faransanci ke kira i, Turanci ai yake ce masa, kuma abin da Turanci ke kira i shi ne harafin E. Na A kuwa ei ne. G da J sun yi kusan musanya: ji a Faransanci J ce, a Turanci G. Kuskure ɗaya a nan ya isa a rubuta sunan mutum ba daidai ba a takardar banki.

Gwaji kuma kada ya tsaya a kunnen malam, domin bayan 'yan makonni malam ya saba da bakin ɗalibinsa, yana gane shi ko bai faɗa daidai ba. Manhajar da ke mayar da magana rubutu tana ɗan taimakawa, sai dai takan yi hasashe daga jimla, don haka a gwada ta da kalmomi ɗaiɗai. Wanda ya fi shi ne a tura muryar ɗalibi ga wani mai jin Turanci da bai san shi ba kuma bai jin Faransanci, a ce ya rubuta abin da ya ji: farashi uku, suna ɗaya harafi-harafi, da jimla biyu, ɗaya an biya, ɗaya ba a biya ba. Duk inda rubutun ya saɓa wa abin da ɗalibi ya yi nufi, nan darasin mako mai zuwa zai fara.